Da wace manhaja zan haɗa taswirar darasi da wasan gane garuruwa?

Wata malama da ke koyar da labarin ƙasa a sakandare ta aiko da tambaya. Ta ce taswirar da ke rataye a ajinta ta tsufa, ko Zamfara da Gombe babu a jikinta. Tana so ta haɗa tata a intanet, wadda ɗalibi zai danna gari ya ga hoto da bayani, sannan ta yi wa yaran wasan gane jihohi da ƙananan hukumomi da Hausa. Ba ta iya rubuta manhaja ba, makaranta ba ta ware kuɗi don wannan ba, kuma yawancin yaran a wayar iyayensu za su buɗe.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abin da kike so mai yiwuwa ne, kuma in ban da kuɗin data ba sai kin kashe ko kwabo ba. Sai dai aiki biyu kika haɗa a tambaya ɗaya. Taswirar da ake dannawa a karanta bayani daban take, wasan da zai ce wa yaro "nuna mini Yobe" ya ba shi maki shi ma daban yake, kuma manhajojin kyauta da suka iya na farkon ba su ne suka iya na biyun ba. Amma tushensu ɗaya ne, da shi nake so ki fara tun kafin ki buɗe kowane shafi.

Tushen shi ne jadawali a Excel ko Google Sheets. Kowane wuri ki ba shi layinsa: sunansa da Hausa, sunansa yadda yake a takardun gwamnati, latitud da lonjitud, wato lambobi biyu da ke nuna mazaunin wuri a doron ƙasa, sai bayani na jimla biyu ko uku. Wannan jadawalin shi ne dukiyarki. Shafukan nan kamar shagon haya suke, mai shi yana iya ƙara kuɗi ko ya ce a tashi ranar da ya ga dama. Google da kansa ya rufe Fusion Tables a ƙarshen 2019, ya rufe Tour Builder a 2021, dukansu shafukan da ake haɗa taswira da su ne, alhali malamai da 'yan jarida da yawa sun gina aikinsu a kansu. Wanda jadawalinsa ke hannunsa, yini ɗaya ya ishe shi ya koma wani shafin. Wanda ya riƙa dasa wurare ɗaya bayan ɗaya a cikin shafin ba tare da ya ajiye kwafi ba, shi ne ya sha wahala.

Za ki ce me ya sa sai an wahala da lambobi, ai manhajar tana iya gano wuri da sunansa. Tana iyawa, amma a ƙasarmu tana yawan ɓata hanya. Rubuta Tudun Wada ko Sabon Gari ki ga wanne za ta zaɓa miki, tunda kusan kowane babban gari yana da nasa. Nasarawa jiha ce, ƙaramar hukuma ce a cikin jihar, kuma ƙaramar hukuma ce a cikin birnin Kano. Mu mun bambanta Neja da Nijar a baki da rubutu, a Turanci kuwa harufansu ɗaya ne, don haka garin da kike nufi kusa da Minna yana iya faɗawa hayin iyaka. Garuruwan Nijar kuma da rubutun Faransanci aka shigar da su: Damagaram tana nan a matsayin Zinder, Tawa a matsayin Tahoua, Dogon Dutsi a matsayin Dogondoutchi. In kika ba manhaja lambobi, ba ruwanta da sunan da kika liƙa wa wurin, sai ki rubuta Sakkwato da Maraɗi da Birnin Ƙonni yadda yaranki ke faɗa.

Samun lambobin ba wuya. A Google Maps na waya, ki ɗora yatsa a kan wurin ki daɗe, alama za ta sauka, lambobi biyu su fito. A kwamfuta ki danna ɓangaren dama na linzami, su ne a layin farko. Lamba biyar bayan ɗigo ta wadatar, don ta kai ki kusan mita ɗaya daga wurin. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, kin ga kuskure a lamba ta farko bayan ɗigo yana iya matsar da gari fiye da kilomita goma.

Akwai tarko uku a nan da ke kama kusan kowa. Na farko juya lambobin. Kano tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas. In aka sa lonjitud a gurbin latitud, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ɗauki Kano ta ajiye a kudancin jihar Adamawa, wajajen Ganye, don 8.5 arewa da 12.0 gabas can yake. Abin da ke sa wannan kuskuren ya ɓuya shi ne wurin yana nan cikin Najeriya, sai mutum ya zaci daidai ne in bai zuƙo taswirar ba. Google yana fara ba da latitud, fayil ɗin adana bayanan taswira irin na GeoJSON kuma da lonjitud yake farawa, daga nan rikicin ke tasowa. In kuma kika ga wani gari ya faɗa teku a kudu da Ghana, gurbin lambobinsa ne babu komai, manhajar ta ɗauke shi sifili da sifili. Na biyu ya fi shafar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi: Excel da aka saita da Faransanci waƙafi yake sawa a maimakon ɗigo, 12,0 a madadin 12.0, wasu shafukan kuma ba sa gane haka. Na uku haruffanmu masu lanƙwasa. In za ki adana jadawalin a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali da shafukan taswira ke karɓa, ki zaɓi nau'in da aka rubuta UTF-8 a jikinsa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya, Ƙofar Ɗan Agundi ta fito ba a iya karanta ta.

To, yanzu taswirar. Mafi sauƙin farawa shi ne Google My Maps. Asusun Gmail kawai yake buƙata. Ki buɗe sabuwar taswira, ki shigo da jadawalin, zai tambaye ki ina latitud, ina lonjitud, ina suna, shi ke nan wuraren sun zuba. Yana ba ki shimfiɗa har goma a taswira ɗaya, wato rukunan da ɗalibi zai iya kunnawa ko kashewa, koguna a ɗaya, madatsun ruwa a ɗaya, kasuwanni a ɗaya, kuma kowace shimfiɗa tana karɓar layi 2,000 daga jadawali. Kina iya sa hoto ko bidiyo a kowane wuri, ki ja layi, ki auna nisa da faɗi. Ginawa a kwamfuta ya fi daɗi, kallo kuwa waya ta isa. Rauninsa biyu ne: ba ya buɗuwa in babu sabis, kuma bai karɓi fayil ɗin iyakoki mai nauyi ba.

Ni dai na fi karkata ga uMap, ko da yake fuskarsa ba ta kai ta Google kyau ba. Kyauta ne, masu sa-kai ne ke riƙe da shi, kuma a kan OpenStreetMap aka gina shi, taswirar duniya da jama'a ke zanawa da hannunsu tun da Steve Coast ya fara ta a Ingila a 2004. Yana karɓar GeoJSON kai tsaye, wanda shi ne nau'in da za ki fi samun iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi a cikinsa, kuma duk lokacin da kika so kina iya sauke aikinki gaba ɗaya ki ajiye. Ana iya yin taswira a cikinsa ba tare da asusu ba, sai ya ba ki wani adireshi na sirri da za ki riƙa gyara da shi. Kada ki bi wannan hanyar. In adireshin ya ɓata, ikon gyara ya tafi. Buɗe asusu ya fi kwanciyar hankali.

Kada ki zauna zana iyakoki da hannu. Najeriya tana da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774, kuma duk an riga an zana su. Shafin GRID3 yana da iyakoki da matsugunai da asibitoci da makarantu na Najeriya. Wani ɓangare na wannan aikin ya samo asali ne daga yaƙi da shan-inna a Arewa, lokacin da aka ga cewa taswirorin da masu rigakafi ke zanawa a takarda suna tsallake ƙauyuka da rugage, aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam. Akwai kuma HDX, rumbun bayanai na ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda za ki samu na Nijar da Chadi da Kamaru da sauransu. Matsalar waɗannan fayilolin nauyi ne, don an zana kowace lanƙwasar rafi. Ki kai fayil ɗin shafin mapshaper, wanda ke aiki a cikin burauza. Akwai wani ma'auni da ake ja, yana rage yawan ɗigogin da ke cikin layi. Ki riƙa ja kina kallo har sai kin ga siffar ta fara lalacewa, sai ki ɗan koma baya. Fayil mai megabait da yawa yana iya komawa 'yan ɗaruruwan kilobait, ido kuma ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. Uban da ya ara wa ɗansa waya zai ga bambancin a datarsa.

In darasin tafiya ce daga wuri zuwa wuri, akwai StoryMapJS na jami'ar Northwestern da ke Amurka, shi ma kyauta. Shafi-shafi yake tafiya, kowane shafi da wurinsa da hotonsa da bayaninsa, taswirar tana matsawa da kanta. Ki gwada shi da ruwan da yaranki suka sani: a fara daga madatsar Tiga a kan kogin Kano, a je madatsar Challawa, a ga inda kogunan biyu suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, a wuce Wudil, a shiga dausayin Haɗeja da Nguru, a ga haɗuwarsa da kogin Jama'are, a bi Komadugu Yobe ta kan iyakar Najeriya da Nijar har tafkin Chadi. Yaron da ya bi wannan hanyar da yatsansa zai gane dalilin da ya sa sakin ruwa ko riƙe shi a Kano yake shafar manomi da masunci a Yobe, abin da haddar sunayen koguna ba za ta ba shi ba. In kuma jihohi kike so ki rina gwargwadon alƙaluma, kamar yawan jama'a ko ruwan sama, Datawrapper ya fi kowa sauƙi. MapChart hoto kawai yake fitarwa, ba a danna shi, amma yana da amfani in za a buga a takarda.

Sai wasa. Kafin ki gina naki, ki leƙa Seterra, wanda wata 'yar Suwidin, Marianne Wartoft, ta fara a shekarun 1990, yanzu kuma yana hannun kamfanin GeoGuessr. Yana da wasannin ƙasashen Afirka da manyan biranensu, har da na jihohin Najeriya. Yana kiran suna, yaro ya danna, in ya kuskure sau da yawa ya nuna masa wurin. Don jihohi da ƙasashe ya wadatar. Amma ba zai ba ki ƙananan hukumomin jiharki ba, ba zai ba ki ƙofofin Kano ko unguwannin Zariya ba, kuma ba ke za ki zaɓi yadda za a rubuta sunayen ba.

Duk manhajojin da ke barin mutum ya yi nasa wasan dabara ɗaya suke bi: ki ɗora hoton taswira marar rubutu, ki sa ɗigo ko ki kewaye wuri, ki ba shi suna. PurposeGames haka yake, LearningApps haka, Educaplay haka, Wordwall ma yana da irinsa, sai dai wasanni kaɗan yake bari a yi kyauta. Hoton kuwa za ki iya samun na jihohi a Wikimedia Commons, ko ki fitar da naki daga fayil ɗin iyakokin da kika sauke. Ga halin da kika bayyana, shawarata ita ce H5P, wani tsarin kyauta na haɗa wasannin darasi, ta hanyar manhajar Lumi. Ana sauke Lumi a kwamfuta, ana buƙatar intanet a karon farko don ɗauko nau'in wasan, daga nan sai a yi aiki ba sabis. Ki zaɓi nau'in da ake kira Drag and Drop, inda yaro ke jan suna ya ajiye a mazauninsa. Abin da ya sa na fifita shi: yana fitar da wasan a matsayin fayil guda na HTML, wanda za ki tura ta WhatsApp ko Xender ko Bluetooth, a buɗe shi a burauza ba tare da data ba. Wayoyi sun bambanta wajen buɗe irin wannan fayil, saboda haka ki gwada a wayar da ta fi kowace rauni a cikin waɗanda za ki iya samu, kafin ki tura wa aji.

Wajen tsara wasan ne gwaninta take, ba wajen zaɓen shafi ba. Ɗauki Kano mai ƙananan hukumomi 44. In kika sa su duka a hoto ɗaya, Doguwa da Sumaila da Tudun Wada za su fito ɓaro-ɓaro, amma Dala da Fagge da Gwale da Tarauni da Birni da Kewaye za su cunkushe a wuri ɗaya da bai kai kan yatsa ba. Yaro ya san amsa, ya danna Fagge, waya ta ce Dala ya danna. Sau biyu in aka yi masa haka, ya bar wasan. Ki raba: na cikin birni su takwas, wato biyar ɗin can haɗe da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, a yi musu nasu hoton da aka zuƙo, sauran a kasa su shiyya-shiyya. Wuri goma zuwa goma sha biyar a zagaye ɗaya ya isa. Katsina mai 34 da Jigawa mai 27 su ma haka za ki yi musu. Sannan ki guji wasan da ake rubuta amsa, don ba kowace waya ce ke da haruffa masu lanƙwasa ba, yaro zai rubuta Danbatta ko Dambatta ko Ɗambatta, manhaja ta ce ya faɗi alhali ya sani. Dannawa ko jan suna ya fi adalci.

Ki sani kuma cewa wasan dannawa hadda yake koyarwa, kuma haddar hoto guda ce. Da yawa za su ci maki cikakke, amma in kika juya taswirar ko kika ba su wata mai launi daban sai su rikice. Maganin shi ne ki cakuɗa da tambayoyin da ke sa a yi tunani a kan alaƙar wurare. Motar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta Azare da Potiskum, jihohi nawa za ta taka? Biyar: Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno. Waɗanne jihohi ne suka yi iyaka da Nijar? Bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe, Borno. Wace jiha aka cire daga Kaduna a 1987, wace aka cire daga Kano a 1991? Irin waɗannan ko a Google Forms kina iya yin su da hoton taswira a sama.

Yaranki za su ambata miki GeoGuessr, don yana yawo a bidiyoyi. Wani ɗan Suwidin, Anton Wallén, ya ƙirƙire shi a 2013. Yana jefa mutum a wani titi a duniya ta hotunan Street View, wato hotunan tituna da motar Google ke ɗauka, ya duba ƙasa da itatuwa da allunan hanya da hannun da motoci ke bi, ya canki inda yake. Zagaye biyar ne, kowanne maki 5,000. Wasa ne mai kaifafa ido, amma ban ga ya dace da ajinki ba. Yawancinsa yanzu sai da kuɗin wata, yana cin data sosai, kuma motar Google ba ta shiga yawancin ƙauyukanmu da lungunanmu ba. Ƙwararrun 'yan wasan ma sukan gane Najeriya ne ta motar rakiya da ke bin motar ɗaukar hoton a baya, su gane Ghana ta wani baƙin tef da ke naɗe a ƙarfen saman motar, wannan kuwa ba labarin ƙasa ba ne. Dabarar wasan ce abin ɗauka. Ki tara hotuna goma, na Dutsen Dala, na marinar Ƙofar Mata, na Gobarau a Katsina, na Dutsen Zuma, na hasumiyar masallacin Agadas, ki nuna su ɗaya bayan ɗaya, kowane rukuni ya sa alama a taswirar takarda, a auna da rula, wanda ya fi kusa ya ci. Ki tilasta musu faɗin dalili kafin su sa alamar, a nan karatun yake.

Abu biyu game da gaskiyar taswirar kanta. Kusan duk taswirorin intanet, har da My Maps da uMap, suna bin tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, wanda ke kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Ga taswirar jiha ko ta Najeriya wannan ba ya cutarwa, don muna kusa da tsakiyar. Ga taswirar duniya kuwa yana sa Girinlan ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Akwai shafi mai suna The True Size Of inda ake jan ƙasa a ɗora ta a kan wata, tana raguwa ko ƙaruwa a gaban ido. Minti goma da shi a majigi ya fi dogon bayani. Na biyu, in kika zo tarihi, kamar Hausa Bakwai, kada ki rina jihohin yau ki ce su ne Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Ƙasashen can ba su da iyaka mai layi irin ta yanzu, ikon sarki yana ƙarfi kusa da birni yana raguwa in an yi nisa. Ki sa ɗigo a biranen. Gobir kaɗai za ta buƙaci fiye da ɗaya, Alƙalawa da Sabon Birni a wannan hayi, Tsibiri a Nijar, yaran su gani da idonsu cewa iyakar da ta raba su daga baya ta zo.

In aikin ya kankama, ki sa ɗaliban su tattaro wuraren da kansu. GPS na waya ba ya buƙatar data, kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna barin a sauke taswira sau ɗaya a riƙa amfani da ita ba sabis, a ajiye alamomi, a fitar da su a fayil ɗin da uMap da My Maps ke karɓa. Rukuni ɗaya ya ɗauki rijiyoyi da famfunan unguwa, wani ya ɗauki wuraren da ruwa ke kwanciya da damina, wani tsofaffin gine-gine da sunayensu na asali daga bakin dattawa. Abin da suka gano babu shi a OpenStreetMap suna iya ƙara shi, da sharaɗin daga idonsu ya fito, don lasisin Google bai yarda a kwafo daga taswirarsa a zuba a can ba. In kuma kika buga taswirar da aka gina a kan OpenStreetMap, ki bar ɗan rubutun da ke nuna daga ina ta fito.

A halin tsaron da ake ciki, ki zauna ki tace jadawalin kafin ki saki adireshi. Kada gidan wani ɗalibi ya shiga, ko hoton fuskarsa, ko ɗakunan kwanan makaranta da ƙofofinta da hanyar da yara ke bi in an tashi. My Maps da uMap duka suna ba ki zaɓi tsakanin taswirar da kowa zai iya samu da wadda sai mai adireshi, ki zaɓi ta biyun, amma ki ɗauka cewa adireshin da ya shiga zauren WhatsApp na iyaye zai iya kaiwa ko'ina. Ikon gyara kuma ya tsaya a hannunki ke kaɗai, yara su riƙa kawo miki wurarensu kina dubawa kafin ki shigar.